Allurar Sitiroyid a Gadon Baya: Illarta Ga Laka da Alamomin da Ba a Kwana da Su

Idan ciwon baya ya matsa maka har yana sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ka sha magani ka gaji, wataƙila likita ya kawo maka maganar wata allura da ake yi a gadon baya, wadda ake kira allurar efidural. Yawancin waɗanda aka yi wa ita sukan tashi lafiya su koma gida da ƙafafunsu. Amma jefi-jefi takan jawo illa mai tsanani ga laka ko ƙwaƙwalwa, har ta kai ga shanyewar ƙafafu, ko makanta, ko rasa rai. Ga wanda ke zaune a Anka ko Gummi ko Bukkuyum akwai ƙarin abin dubawa. Wannan allura aikin ƙwararru ce, a babban asibiti ake yin ta, nesa da gida. Wasu daga cikin illolinta kuwa ba sa bayyana sai bayan sa'o'i ko kwanaki, wato lokacin da mutum ya riga ya koma ƙauyensu, inda babu na'urar ɗaukar hoton laka balle likitan tiyatarta.

Ina allurar take zuwa?

Ƙashin gadon bayanka ƙananan ƙasusuwa ne da aka jera kan juna, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai kama da matashi. A tsakiyar jerin akwai rami da ya taso daga ƙeya har zuwa ƙugu, a cikinsa laka take kwance, lulluɓe da tantani mai ƙwari wanda ke riƙe da ruwan da take iyo a ciki. Tsakanin wannan tantani da ƙashi akwai ɗan siririn fili mai ɗauke da kitse da ƙananan jijiyoyin jini. Shi ne ake kira efidural, kuma nan ake son maganin ya tsaya. Faɗinsa 'yan milimita ne kawai, a wuya ma ya fi ƙugu matsewa.

A nan akwai kalmar da ke rikitar da mutane. Da Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ke kai saƙo daga laka zuwa ƙafa ita ma jijiya ce. A wannan bayani za mu riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar laka, domin dukkansu biyun suna cikin wannan magana, kuma hanyar da kowace ke jawo illa daban ce.

Idan faifan guringuntsi ya goce ko ya fashe, yakan danne jijiyar laka a inda take fitowa, ta kumbura, ciwo ya biyo ɗuwawu da bayan cinya har tafin ƙafa. Sitiroyid magani ne mai rage kumburi, ana haɗa shi da ɗan maganin kashe zafi a zuba kusa da jijiyar. Ana shiga ta hanya uku: ta tsakiyar baya tsakanin ƙasusuwa biyu, ta gefe ta ƙofar da jijiyar ke fitowa, ko ta can ƙasa kusa da ƙashin wutsiya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1901 likitoci biyu a Faransa, Sicard da Cathelin, suka fara zuba magani a wannan fili ta ƙashin wutsiya, a farkon shekarun 1950 kuma aka fara sa sitiroyid a ciki.

Kada ka haɗa ta da wasu allurai biyu da aka fi sani a asibitocinmu. Akwai ɗiban ruwan baya da ake yi domin gano sanƙarau, wanda mutane da yawa a Zamfara suka gani lokacin annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2016 zuwa 2017. Akwai kuma allurar baya da ake yi wa mace kafin tiyatar haihuwa don a kashe mata rabin jiki. Waɗannan biyun ba sitiroyid ake zubawa ba, kuma sau da yawa su ne ke tsakanin mutum da mutuwa. Ba ma son wani ya karanta wannan shafi ya hana a ɗebi ruwan bayan ɗansa mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya.

Amfaninta ba shi da yawa kamar yadda ake zato

Kafin a auna haɗari sai an san abin da za a samu. Allurar ba ta mayar da faifan da ya goce wurinsa, ba ta kuma gyara ƙashin da ya tsufa. Abin da bincike ya nuna shi ne tana rage ciwon da ke sauka ƙafa, ragewa matsakaiciya, na 'yan makonni zuwa kamar wata uku. Ga wanda ciwonsa ya tsaya a ƙugu kawai bai sauka ƙafa ba, amfaninta kaɗan ne ƙwarai. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagorar da ta fitar a 2016 ta yarda a yi la'akari da ita ga mai sabon ciwo mai tsanani da ke sauka ƙafa, ta kuma ce kada a yi allurar baya don ciwon ƙugu tsurarsa. Ka sani kuma mafi yawan masu gocewar faifai suna samun sauƙi da kansu cikin mako shida zuwa goma sha biyu, da magungunan sha da motsa jiki. Saboda haka wanda aka ce masa allura ɗaya za ta raba shi da ciwon baya har abada, an faɗa masa abin da ba haka ba ne.

Yadda illar take faruwa

A ranar 23 ga Afrilu, 2014, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi cewa zuba sitiroyid a wannan fili yana iya jawo rasa gani, shanyewar ɓarin jiki, shanyewar gaɓoɓi, da mutuwa. Ta ƙara da cewa ita ba ta taɓa amincewa da wani sitiroyid don a yi amfani da shi ta wannan hanya ba, duk da cewa likitoci sun shekara da shekaru suna yi. Daga 1997 zuwa 2014 an kai mata rahoton mutum 90 da suka gamu da irin wannan mummunar illa, a ƙasar da ake yin miliyoyin waɗannan allurai duk shekara. Adadin ya nuna abin ba ya yawan faruwa, sai dai rahoton da aka kai ne kawai aka ƙirga.

Illar da ta fi kowace saurin zuwa ita ce toshewar jijiyar jini. Wasu nau'o'in sitiroyid ba sa narkewa a ruwa, ƙananan ɓarɓashi ne ke yawo a ciki, shi ya sa za ka ga kwalbar fara kamar madara. Depo-Medrol da Kenalog, da ɗan'uwansa Kenacort, duk irin wannan ne. An yi su haka ne don su daɗe suna aiki a inda aka zuba su. Matsalar ita ce ta ƙofar da jijiyar laka ke fitowa, ta nan ne wasu ƙananan jijiyoyin jini ke shiga su ciyar da lakar. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya daga cikinsu ba a lura ba, ɓarɓashin sai ya bi jini ya toshe ƙananan hanyoyin da ke gaba, ɓangaren lakar da ya rasa jini ya mutu cikin mintuna. Akwai wata babbar jijiyar jini, ana kiranta da sunan likitan da ya gano ta, Adamkiewicz, ita ce ta fi ciyar da gaban ƙasan laka. Ga yawancin mutane ta ɓangaren hagu take shiga, wajen ƙarshen haƙarƙari, amma ga wasu takan sauko har ƙugu, daidai inda ake yin allurar, kuma babu yadda za a san haka da ido. Idan ta toshe, ƙafafu biyu sukan shanye nan take, mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, kuma da wuya ya dawo daidai. A wuya abin ya fi muni, domin jijiyoyin jinin wurin suna haɗe da masu kai jini bayan ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa gani da numfashi.

Deksametason, wanda da yawa suka sani da deksa, ruwa ne garai marar ɓarɓashi. Shi ya sa ƙa'idojin kariya da ƙungiyoyin likitoci na Amurka suka fitar a 2015 suka hana amfani da mai ɓarɓashi idan za a shiga wuya ta gefe, suka ce a fara da deksa idan za a shiga ƙugu ta gefe, kuma a riƙa yin aikin ana kallon allurar a na'urar hoto, a fara zuba ɗan ruwan rini mai fitowa a hoto don a ga inda zai bi kafin a zuba maganin. Deksa ya rage haɗarin sosai, bai kawar da shi gaba ɗaya ba.

Allurar da kanta tana iya sukar laka. A babban mutum laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, daga nan sai jijiyoyi a warwatse kamar jelar doki, don haka wannan haɗari ya fi yawa a wuya da tsakiyar baya. Wannan ne dalilin da ya sa ba a son a sa ka barci mai nauyi lokacin aikin. Idan ka ji zafi mai tsanani ya harba hannu ko ƙafa, ka yi magana nan take, kada ka daure don kunya ko jarumta. Maganarka ita ce ƙararrawar da likita ke saurare.

Waɗannan biyun a kan gadon aiki suke faruwa. Biyun da ke tafe su ne suka fi shafar wanda zai hau mota ya koma gida.

Na farko zubar jini ne a cikin filin. Allura ta huda ƙaramar jijiyar jini, jinin bai tsaya ba, ya taru ya zama guda, tun da kuma ƙashi ne ya kewaye wurin babu inda zai faɗaɗa sai kan laka. Yakan fara da sabon ciwon baya mai tsanani, sai ƙafafu su riƙa yin nauyi, sai fitsari ya tsaya. Yana iya zuwa bayan sa'o'i kaɗan ko kwana ɗaya zuwa biyu. Maganinsa tiyata ce a buɗe a kwashe gudan jinin, kuma waɗanda aka yi wa cikin kamar sa'a takwas daga fara raunin ƙafa su ne suka fi samun damar sake takawa. Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne masu shan maganin tsinka jini, irin su warfarin da Plavix da Xarelto, da masu ciwon hanta ko ƙoda, da waɗanda jininsu ba ya saurin tsayawa idan sun ji rauni.

Na biyu ƙwayar cuta ce. Tana iya shiga daga fatar da ba a wanke da kyau ba, ko daga kayan aiki, ko daga maganin kansa, ta tara mugunya a kan laka ko ta haddasa sanƙarau. Wannan ya fi jinkiri, daga kwana biyu zuwa makonni. Ga shi sitiroyid yana danne garkuwar jiki, yana kuma iya ɓoye zazzaɓi, sai cutar ta yi nisa kafin a farga. Masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki sun fi kamuwa. Misali mafi girma ya faru a Amurka a 2012, lokacin da wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts, New England Compounding Center, ya rarraba sitiroyid da ya gurɓata da ƙwayar funfuna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, mutum 64 suka rasu, wasu ma sai bayan makonni da allurar ciwon ya bayyana. Idan haka ta faru a can, ka ga dalilin da zai sa ka tambayi daga ina kwalbar da za a zuba maka ta fito, ka kuma ƙi yarda da wadda aka riga aka buɗe ko wadda aka sayo a kasuwa.

Akwai ƙananan abubuwa da ba na tayar da hankali ba: fuska ta yi ja da zafi, rashin barci na dare ɗaya ko biyu, ciwon ya ɗan ƙaru kafin ya ragu, al'adar mace ta rikice na wata ɗaya. Suga yakan hau na kwanaki, mai ciwon suga ya riƙa aunawa. Idan allura ta huda tantanin laka ruwan ya ɗiga, akan yi ciwon kai mai tashi idan an zauna ko an miƙe, ya lafa idan an kwanta. Yawanci yana warkewa, amma a sanar da likita.

Kafin ka yarda, a tabbatar da abin da ke damunka

A yankinmu ba kowane ciwon baya ne na faifai ba, kuma a nan ne muka fi jin tsoro. Tarin fuka, wato tibi, yana kama ƙashin baya, ya riƙa cin sa a hankali har ya ƙusanta, wani lokaci ba tare da tari ko ɗaya ba. Wanda ke da ciwon baya na watanni tare da rama, zufan dare, zazzaɓin yamma, ko wani ƙulli da ya turo a gadon baya, tibi ake fara nema. Zuba sitiroyid a irin wannan baya ƙara wa cutar ƙarfi ne. Makiyaya da mahauta da masu shan ɗanyar madara suna iya ɗaukar wata ƙwayar cuta daga dabbobi wadda ita ma ke zama a ƙashin baya. Mai sikila ƙashinsa na iya lalacewa ko ya kamu da cuta. Dattijon da fitsari ke ba shi wahala, ko matar da ke da ƙulli a nono, ciwon bayansu na iya zama daji ne ya yaɗu. Shi ya sa ba a yin wannan allura sai an duba mutum sosai, an gwada jini, an ɗauki hoton MRI.

Masu haƙar zinare suna da tasu maganar. Duƙawa a rami da ɗaukar buhunan dutse da zama a kan injin niƙa suna karya baya, wannan gaskiya ne. Amma kowa a Anka da Bukkuyum ya san abin da ya faru a 2010 a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400. Dalma ba ta bar manya ba. Tana jawo ciwon gaɓoɓi da na ciki, kasala, hawan jini, tana kuma lalata jijiyoyin laka har wuyan hannu ko tafin ƙafa ya saki. Idan kana wannan sana'a ko ana niƙa dutse kusa da gidanka, ka faɗa wa likita da bakinka, domin likitan da ke Kano ko Abuja ba lalle ne ya tambaya ba. Allurar baya ba ta maganin dalma.

Ka kawo duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya, har da asfirin ko Vasoprin da ake ba masu hawan jini, da irin diklofenak da ake saye a kemis. Kada ka daina maganin tsinka jini da kanka, likitan da ya ɗora ka a kai shi zai faɗi ranar tsayawa da ranar komawa. Mai juna biyu ta faɗa, saboda hasken na'urar hoto. Idan kana zazzaɓi, ko akwai maruru ko sabon ƙaho ko tsaga a bayanka, a ɗage aikin.

Kana da damar tambayar likita wane magani zai zuba, mai ɓarɓashi ne ko garai, ta wace hanya zai shiga, da na'urar hoto zai yi ko da lalube, kuma idan matsala ta taso cikin dare wa za a kira. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda kuwa ya ce zai yi maka ita a shagon magani, ko a ɗaki a gida, ka tashi ka bar wurin. Ko allurar ɗuwawu ta yau da kullum, idan wanda bai iya ba ya yi ta a gurbin da ba daidai ba, tana sukar babbar jijiyar ƙafa ta bar yaro yana jan ƙafa. Balle wadda ake yi dab da laka.

Bayan allurar

Ƙafa na iya yin nauyi ko ta mutu na 'yan sa'o'i saboda maganin kashe zafi. Wannan yana raguwa ne da tafiyar lokaci. Abin da ke ƙaruwa, ko wanda ya tafi ya dawo, shi ne abin tsoro. Kada ka tuƙa mota ko babur ranar, ka zo da wanda zai raka ka.

Shawararmu ga wanda ya taso daga Gummi ko Bukkuyum ko Anka ita ce ya kwana biyu a garin da aka yi masa allurar kafin ya kama hanya, ko da a gidan ɗan'uwa ne. Ka lissafa da kanka: a nemo mota a ƙauye, a jira gari ya waye tun da hanyoyin ba sa biyuwa da dare, a isa babban asibitin ƙaramar hukuma, a rubuto takarda zuwa Gusau, daga can a wuce inda ake da hoton MRI da likitan tiyatar laka. Sa'a takwas ta ƙare tun ba a yi rabi ba, da damina kuwa abin ya fi haka. Kuɗin kwana biyu a birni bai kai na keken guragu ba.

A koma asibiti cikin gaggawa, ko ƙarfe nawa ne, idan ƙafa ko hannu ya fara rauni ko raunin yana ƙaruwa, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, idan bayan gida ya kuɓuce, ko aka daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da al'aura da dubura, wanda mutum yakan fara lura da shi wajen tsarki. Haka nan idan gani ya dushe ko ana ganin abu biyu, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, jiri mai tsanani, jijjiga, ko ruɗewa. A makonnin da ke biyo baya kuma a sa ido kan zazzaɓi, sanƙarewar wuya, ciwon kai da ba ya lafawa ko an kwanta, ciwon baya da ke ƙaruwa kullum, ko ruwa da mugunya daga gurbin allurar.

Ga 'yan'uwa masu jinya, abu biyu ne suka fi cinye lokaci. Ɗaya shi ne a ce maleriya ce ko taifot, a yi kwana uku ana ƙarin ruwa a gida. Ɗayan kuma, ganin ƙafafu sun shanye farat ɗaya, a ce iska ce ko sammu, a tafi wajen mai magani ko maɗori. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Kada a ja ƙafafun, kada a danna bayan, kada a sa ƙaho, kada kuma a ba shi abinci mai nauyi tun da mai yiwuwa tiyata za a shiga.

Da isarku asibiti mafi kusa, kalmar farko da za ku faɗa ita ce an yi masa allurar sitiroyid a gadon baya rana kaza, a wuri kaza. Wannan jimla ita ke sa ma'aikaci ya daina tunanin maleriya. A can za su iya sa robar fitsari, su auna suga, su fara maganin ƙwayar cuta idan akwai zazzaɓi, su tura ku gaba ba tare da an kwantar da shi ana jira ba. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, da na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A kira likitan da ya yi allurar tun ana hanya, domin ya faɗi inda ya fi dacewa a nufa kai tsaye, ya kuma sanar da su kuna tafe.

Saboda haka kafin ka bar asibitin ranar allura, ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan maganin da yawansa, da gurbin ƙashin da aka shiga, da kwanan wata da lokaci, da lambar wayar da za a samu likita. Wanda aka yi wa a Masar ko Indiya ya karɓo ta da Turanci. Ka ɗauki hotonta a waya, ka tura wa mutum biyu a gidanku waɗanda za su iya yin magana a madadinka idan kai ba ka iya ba.